Foraj na Goma Sha Biyu

Isma'il Takama bai taɓa noman albasa ba, amma shekara uku ke nan duk albasar da ta sha ruwa a garake arba'in da ɗaya, daga Dogarawa har Tajaye, ta ƙarƙashin yatsansa ruwan ya bi. Shi ne mai kula da kwamfuta na wata ƙungiyar manoman rani da ke da buro, wato ofis, a Birnin Konni, ɗaki biyu a bayan tasha, inda kukan kabu-kabu ba ya yankewa. Kowace garka tana da foraj, wato rijiya mai zurfi da famfo a cikinta, famfon kuma hasken rana ke juya shi. Sai dai buɗewa da rufewa ba a bakin rijiyar ake yin su ba. Daga wasu kwamfutoci ake yi, waɗanda ƙungiya ta ɗauka haya a wata ƙasa mai nisa, shi kansa Isma'il bai taɓa sa su a ido ba. Masu sana'ar suna ce wa irin wannan haya gajimare. Manoma da suka ji sunan sun yi dariya, suka bar shi da abinsa.

A can ya rubuta tsarin ruwa, wace garka za ta sha, yaushe, na awa nawa. Ya kuma ɗora wa tsarin wata manhaja mai aiki da kanta, ya raɗa mata suna Maigadi. Aikin Maigadi ɗaya ne. Ya duba abin da aka rubuta, ya duba abin da famfuna ke yi, in sun saɓa ya mayar da famfuna kan rubutu. Ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa suna, ba shi da suruki a Dogarawa.

A faɗi gaskiya, Maigadi ya yi wa mutane rana. Kafin zuwansa rabon ruwa sai da gatari a kusa, mai ƙarfi ya sha safe ya sha yamma, mai rauni ya jira a ƙoshi. Da ya kama aiki sai rigima ta mutu, don ba wanda za a zaga kuma ba wanda za a kai wa goro. Bara da damina rufin buro ya yi yoyo, ruwa ya kashe kwamfutar Isma'il. Ya aro wata a maƙwabta, kafin shayi ya dahu komai ya dawo yadda yake, domin dama ba abin da ke zaune a buron. Ran nan har rawa ya taka, shi da ko a biki ba ya kaɗa kai.

To amma Isma'il mutum ne mai tsoron a ce ya yi son kai, kuma ya san mutanensa. Saboda haka kullum cikin ƙara ƙulli yake. Ya sa ba a canza tsari sai da makulli biyu: nasa, wanda yatsansa ne a kan wata 'yar na'ura, da na shugaban ƙungiya Alhaji Maman Ado, wanda ke cikin salularsa. Ya bar wata 'yar ƙofa ta gaggawa, inda shi kaɗai zai iya buɗe famfo da hannu, amma na rubu'in awa kawai, daga nan Maigadi ya zo ya rufe, kuma kowace buɗewa sai ya sake ɗora yatsa. Wannan ƙofar ma daga buro kaɗai take buɗuwa, domin a Konni waya takan tsallake iyaka ta kama rezo, wato layin sadarwa, na Najeriya mai ita na zaune bisa tabarmarsa, har sau ɗaya aka zaci ɓarayi ne suka shigo daga waje. Da ɓarayin gaske suka fara ɗauke farantan sola a garake, sai ya sa duk famfon da aka taɓa wayoyinsa ya mutu murus. Kowane ƙulli da dalilinsa, kuma duk ranar da ya ƙulla an yaba masa.

Abu ɗaya ya roƙa bai samu ba. Tun farko ya ce a ba mutum na uku makulli, saboda halin rayuwa. Mutanen Malbaza suka ce nasu za a ba, na Illela suka ce sai dai nasu. Aka yi zama biyu, aka sha shayi, aka yi fatiha, aka ce a bari sai bayan damina. Damina uku ana faɗar haka, shi ma har ya daina tunawa.

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Garake goma sha biyu irinsu ya isa dashe, goma sha ɗaya a Dogarawa, ɗaya a Tajaye, alhali tsarin damina ne a kai, wanda ya ce kowane famfo ya zauna a kashe. Ran Juma'a Alhaji Maman ya aika musu su dasa Asabar da Lahadi da sauran damshin ƙasa, Litinin da hantsi shi da Isma'il za su buɗe tsarin rani. Maganar Alhaji kuwa ba a taɓa ganin ta faɗi ƙasa ba, suka dasa. Lahadi da safe Alhaji ya ce kansa na sara, ya kwanta, kafin azahar ya cika. Bayan la'asar aka kai shi. Isma'il ya yi kuka na gaske, don mutumin ya riƙe shi kamar ɗa. Sai a hanyar dawowa daga maƙabarta, yana cikin jama'a, abin ya faɗo masa. Makulli na biyu yana cikin salular mamaci.

Litinin tun rana ba ta gama fitowa ba yana kan kujera. Ya buɗe foraj na ɗaya da hannu, ya ɗora yatsa, ya jira allo ya yi kore, ya koma na biyu. Kowane ɗaya yakan ci minti guda da 'yan kai. Kafin ya gama na goma sha ɗaya, rubu'in awan na farko ya kusa cika, dole ya juyo kansa da sauri. In ya makara, Maigadi ya rufe, ruwa ya koma ƙasan bututu, magudanar ƙasa ta shanye wanda ke hanya, fangulan ƙarshe ba su ga ko ɗigo ba. Sai ruwa ya yi ta gudu ba yankewa yake kai wa ƙarshen garka.

Na goma sha biyu shi ne ƙashin wuya. Garkar Tajaye a bayan tudu take, rezo can sai a hankali. In ya aika umarni, allon yakan tsaya yana juya wani ɗan zobe har minti goma, ba ya barinsa ya taɓa komai, kuma sau uku in ya gwada da kyar ɗaya ke shiga. Duk lokacin da ya tsaya wa Tajaye, Dogarawa goma sha ɗaya sai su mutu a bayansa ɗaya bayan ɗaya.

Garkar nan kuwa ta mata goma sha tara ce, mazansu yawanci suna ci-rani. Shugabarsu Zahara'u ce, yayar Isma'il uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goya shi da mahaifiyarsu ta rasu, ta raka shi lakwal, makarantar boko, da bulala a hannu ranar da ya ce ba ya zuwa. Wata biyu suna renon irin nan, kuma ba su da wani. In wannan dashen ya mutu, ranin bana ya wuce su.

Da hantsi Zahara'u ta kira.

"Ila, ruwan ya zaka ɗan kaɗan yat tsaya. Lahiya?"

"Lahiya lau, Yaya. Ana gyara wani abu. Ku yi haƙuri, shina zuwa."

"To. Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Balaraba, sakatariyar ƙungiya, tana tsaye da kwanon fura da ta kawo masa tun ɗazu bai taɓa ba, ta harare shi. Mace ce mai baki, amma mai zafin nama, ita ta zama ƙafafunsa a kwanakin nan. Ita ta rubuta wa kamfanin da ke ba su hayar kwamfutocin, Isma'il na faɗa mata abin da za ta ce idonsa na kan allo. Amsa ta zo kafin ta ɗauke hannu, mai ladabi ƙwarai, da jajantawa da komai, ka san ba mutum ya rubuta ba. Suna son takardar mutuwa daga meri, wato ofishin magajin gari, da takardar rajistar ƙungiya, da shaidar taron da ya zaɓi sabon shugaba, sannan a ba su kwana goma na aiki su duba.

"Sabon shugaba?" in ji Balaraba. "Mutum ko kwana ɗaya bai cika cikin kabari ba? Wa za ya kira wanga taro, ya sha zagi har jikokinai?"

Ba wanda zai kira, Isma'il ya sani. Ya ɗora yatsa a kan foraj na bakwai.

Da rana ta faɗi famfuna suka kwanta da kansu, ya samu ya miƙe. Bayan magariba ya tafi gidan rasuwa. A zaure ya sami Malam Sallau, wan marigayi, tsoho siriri mai magana a hankali, wanda aka danƙa wa amanar gida. Ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya jira mutane suka ragu, sannan ya matsa kusa ya faɗi abin da ke tafe da shi. Minti biyu kawai yake so da salular, a gaban kowa.

Malam Sallau ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma jiya da munka dawo, gaban liman da mutum huɗu, an tara kayan Maman, da takardunai da salulatai, an sa akwati an rufe. Na rantse ba a buɗe ta sai magada sun cika. Babban ɗansa Shamsuddin na Abijan, ya kamo hanya."

"Baba, albasar mutum fiye da ɗari biyu ta."

"Na sani. Ni ma manomi na. Amma da ubanmu ya rasu, wani ƙanenmu ya buɗe akwati, wai takardar gona ɗai za ya duba. Wallahi ita ɗai ya duba. Shekara ashirin gidanmu ba a gaisawa. In na buɗe maka yau don albasa, gobe wani ya zaka da nashi dalili, kuma shi ma dalili mai kyau na. Mi za ni ce mai?"

Isma'il ya roƙa a kira Shamsuddin. Aka kira, aka same shi cikin mota, muryarsa na yankewa. Ya yi kuka, ya yi godiya, da aka kai kan batun salula sai ya ce kada a taɓa komai sai ya zo, insha Allahu kafin sadakar bakwai. Isma'il bai ji haushin tsohon ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Maganar da Malam Sallau ya faɗa masa, ita shi ma ya sha faɗa wa manyan 'yan kasuwa da suka zo neman ƙarin ruwa, kuma yana jin daɗin faɗarta. Ya yi sallama ya fito, gaba kura baya sayaki.

Talata da safe waya ta fara ruri daga Dogarawa. Jiya ruwa bai kai ƙarshen garake ba, irin da ke can ya fara kwantawa. Wani dattijo ya ce masa, "Isma'ila, in wasa kake da injin nan ka bari." Isma'il ya gwada Tajaye da sassafe, bai shiga ba. Ya sake gwadawa, zoben ya yi ta juyawa, yana kallon Dogarawa na komawa ja ɗaya bayan ɗaya. A karo na uku ya shiga, matan Tajaye suka sami rubu'in awa, mutanen Dogarawa suka rasa fiye da rabin awa da duk ruwan da ke hanya.

Ya dubi allon. Ba sai an kira malamin lissafi ba. Gida fiye da ɗari biyu a hannu ɗaya, mata goma sha tara a ɗayan. Kuma ko da lissafin ya zo kusa, garkar yayarsa ce, duk Konni an sani. Da ta wani ce, wataƙila da ya ci gaba da gwadawa sau biyu a yini ba wanda zai ce uffan. Wannan tunanin ya zo masa, ya kore shi, ya dawo. Da hantsi ya gama na goma sha ɗaya, hannunsa ya nufi na goma sha biyu, sai ya janye shi ya koma na ɗaya. Balaraba ta gani. Ta dube shi, ta fita waje ta tsaya.

Da azahar Zahara'u ta kira.

"Ila, tun sahe shiru."

"Rezo na, Yaya. Wajenku ba shi shiga."

"Ƙaƙa za mu yi? Ganye ya hwara lanƙwashewa."

"Ku ɗebo na rijiyar gari ku ɗan yayyahwa musu. Ina nan ina ƙoƙari."

Rijiyar gari tafiya ce mai nisa daga garkar, ya sani, kuma zurfinta gaba talatin. Abin da ya faɗa game da rezo gaskiya ne, amma ya san ƙarya ya yi da shi. Ya ajiye wayar yana jin kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya ɗora yatsa a kan na huɗu, don na huɗu ba ruwansa da kunyar kowa.

Daga nan kwanaki suka zama iri ɗaya. Ya zo kafin rana, ya zauna, ya buɗe, Maigadi ya bi bayansa yana rufewa, ya sake buɗewa. Ƙofar buro a buɗe take, ba wanda ya tsare shi, yana ganin mai rake da masu canjin naira suna kai da kawo, amma ko bakin titi bai isa ya kai ba. Bayi ma sai ya ƙirga. Azahar da la'asar a gurguje yake yin su a gefen tebur, ya sallame ya tarar uku sun mutu. Yatsansa ya yi santsi don goga, har na'urar ta fara ƙin gane shi, sai ya lasa ya share a riga ya sake ɗorawa. Wani lokaci yakan yi wa Maigadi magana, ya ce, "Kai, ni na hwa. Ni nir rubuta ka." An ce kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Shi ya sani sarai, sai dai kwancewar hannu biyu take so.

Balaraba ba ta zauna ba. Ta samo takardar mutuwa daga meri ta aika, aka yi mata godiya aka tuna mata sauran biyun. Ta nemo mai tankin ruwa, ya ce motarsa ba ta shiga yashin Tajaye ko da me za a ba shi. Ta samo wani mai gyaran lantarki da ya ce zai haɗa famfon kai tsaye da farantan sola, Isma'il ya ce kada ya taɓa, famfon zai mutu gaba ɗaya, sai an tura shi Yamai. Ta tambaye shi wa ya sa haka. Ya ce shi.

Laraba Zahara'u ta kira sau ɗaya, ta ce sun ɗauki amalanken jaki biyu suna jido da jarkoki. Alhamis ba ta kira ba. Ya yi ta duban wayar tsakanin buɗewa da buɗewa, yana tsoron ta yi ƙara, yana kuma jin zafin shirunta. Daga Dogarawa kuwa labari ya gyaru, iri ya miƙe, har wani ya aiko masa da kaza.

Ran Juma'a ya ji kiran salla, ya ga titi ya cika da masu darduma a kafaɗa. Zuwa masallaci da huɗuba da dawowa awa guda ne da wani abu, a tsakiyar rana, lokacin da famfo ya fi ƙarfi kuma ƙasa ta fi ƙishi. Ya tashi tsaye, ya zauna. Tun da ya balaga Juma'a ba ta taɓa wuce shi yana cikin gari ba. Ya yi azahar shi kaɗai a buro, hawaye na zuba, ya sallame ya koma kan na ɗaya.

Shamsuddin ya iso Asabar da yamma. Lahadi da safe aka yi addu'a, aka buɗe akwati a gaban magada. Wajen ƙarfe goma sai ga Malam Sallau da kansa a ƙofar buro, Shamsuddin na biye, salular na naɗe cikin ƙyalle. Tsohon bai yarda ya miƙa ta ba, shi ya riƙe aka sa mata caji. Da ta kunnu ta nemi lambar sirri, aka kira Hajiya Delu, matar marigayi da ke takaba, ta faɗa ta waya. Isma'il ya ɗora yatsa, ya nuna wa Malam Sallau inda zai danna, ya danna.

Abin bai kai minti guda ba. Maigadi ya karanta sabon tsari, ya bi famfuna yana tayar da su, allon ya yi kore daga sama har ƙasa. Na Tajaye ya ɗan yi gardama, amma Maigadi ba ya gajiya kuma ba ya barin wani don ya jira wani, ya yi ta aikawa ta bayan fage har ya shiga. Aikin da ya hana Isma'il miƙe ƙafa kwana shida, ga shi ana yinsa ba hannun kowa, kuma an fi shi iyawa.

"Shi ke nan?" in ji Malam Sallau.

"Shi ke nan, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon allon, sannan ya naɗe salular ya ce Allah ya sa ba a yi ɓarna da yawa ba. Isma'il ya ce amin, ya ɗauki makullin babur.

Rana ta take sosai lokacin da ya gangara bayan tudun Tajaye. Tun daga nesa ya ji ƙarar ruwa. Famfon na aiki lafiya lau, ruwa fari tas na fita da ƙarfi, yana bin magudana yana shiga fangali bayan fangali. A cikin fangulan kuwa irin albasa ne kwance, ya bushe ya zama kamar zaren buhu, ruwan na ɗaga shi yana tara shi a lungu. Can kusa da shinge fangali huɗu ne kore, waɗanda jarkoki suka ceta, cikin fiye da ɗari.

Matan suna zaune a inuwar wata bagaruwa. Ya yi sallama, suka amsa da fara'ar da ta fi zagi ciwo, suka yi masa sannu da hanya, suka yi masa gaisuwar Alhaji. Wata tsohuwa ta ce, "Sannu, ɗan nan. Zahara'u ta hwaɗa muna kwana shidda ba ka tashi bisa kujera ba kana hwama da injin nan, shi yaƙ ƙiya. Allah shi biya ka. Abin Nasara ba shi da tausai." Sauran suka ce amin.

Zahara'u ta taso ta ce ya zo ya ga wani abu a bakin famfo. Ya bi ta. Ta rame, tafin hannunta duk ya fashe da igiyar guga. Suka tsaya inda ƙarar ruwa za ta rufe maganarsu.

"Yaya," ya ce, "ba inji ba na. Ni na. Tun Talata da hantsi ban sake gwada naku ba. Ni nib bar ku."

Ba ta dube shi ba. Ruwan take kallo.

"Na sani," ta ce. "Tun ran nan raina ya ba ni, ran Alhamis nit tabbata. Kai da ba ka iya ƙarya tun kana bisa bayana, ka ce mani rezo."

"Dogarawa gida ɗari biyu..."

"Kak ka yi mani lissahi, Ila. Na yi shi da kaina ina jan guga, ya hita daidai. Ban ce ka yi laihi ba." Ta goge ido da bakin mayafi. "Amma da ka hwaɗa mani ran Talata, da mun cire irin da sauran rai gare shi mun kai bakin rijiyar gari mun dasa. Ko rabi da mun tsira da shi. Muka zauna muna jiran ka, don ka ce shina zuwa."

Wannan bai taɓa zo masa a rai ba, ko sau ɗaya cikin kwana shidan. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya zai nufi bagaruwar, ya ce bari ya gaya musu da bakinsa. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Ba ka hwaɗa musu komi. Kai Konni za ka koma. Ni ka zama da su, ni nic ce su dasa, ni nic ce su jira ƙanena. In sun ji, ba kai za su daina gaisarwa ba." Ta sake shi. "Ka riƙe abinka, ni ma in riƙe nawa."

Ta koma wajen matan tana ce musu a kawo wa baƙo ruwa ya sha. Isma'il ya tsaya a bakin famfo, ruwa na wucewa ta gefen takalminsa zuwa fangulan da ba kome a cikinsu. Aka kawo masa a kwanon sha, ya karɓa da hannu biyu, tsohuwar nan tana ta sa masa albarka, ya sha.